Wurin da Inna Ke Ajiye Ƙafa

Nas ce ta fara gani. Ta ɗaga ƙafar Inna ta hagu za ta duba kumburi kamar yadda ta saba, sai ta tsaya cak, ta juyo ta yi wa Auta irin kallon da ake yi wa wanda aka ba amana ya ci.

"Wa ya ƙona ta?"

"Ƙuna kuma? Wace irin ƙuna?"

"Zo ki gani da idonki."

Auta ta sunkuya. Daga dunduniya zuwa tsakiyar tafin ƙafar fata ta tashi ta yi bororo, wani gefen ya fashe, naman ciki ya fara yin baƙi. Inna kuwa tana kwance tana kallon sama, ko gezau. Ciwon suga ya daɗe da kashe mata ƙafafu daga idon sawu zuwa ƙasa, ko allura ka soka mata ba za ta san ka yi ba.

Likita ya zo ya daddanna wurin, bai ɓoye komai ba. Ya ce wannan ba ƙunar yau kaɗai ba ce, an daɗe ana gasa wurin a hankali. Za a kwantar da ita a gwada magani. In naman ya farfaɗo, to, an gode Allah. In baƙin ya ci gaba da hawa, ƙafar ba za ta zauna ba.

Auta ita ce ƙaramar 'ya a gidan, kuma ita ce duk wata hidimar Inna ta faɗo wa. Ɗinkin labule take yi, ta dawo da kekenta falon gidan don kunnenta ya kasance kusa da ɗakin tsohuwar. Ita ke wanke ƙafafun nan kullum, ba ta taɓa tsoma su a ruwa ba sai ta fara taɓa shi da gwiwar hannunta. To ina wuta ta samu Inna? Ta tuna cewa kwanakin baya ta riƙa ganin wurin yana yin ja duk ranar da suka dawo daga asibiti. Ta zata takalmi ne ke matse ta, shi ya sa ma ta koma cire mata shi da zarar sun shiga mota.

Ta fita ɗauko jakar Inna a mota. Da ta buɗe ƙofar baya ta miƙa hannu ƙasa za ta ɗauki takalman, sai ta ji ɗumi. Mota ta jima a kashe, amma ƙasan kujerar nan bai huce ba. Ta ɗaga shimfiɗar. Robar da ke ƙarƙashi ta narke ta manne, kafet ya ƙone ya yi tauri, daidai faɗin tafin ƙafa.

Ta saki shimfiɗar. Ba sai an gaya mata ba, ta san aikin wane ne.

Yayanta mai gyaran salansa ne, kuma a layin garejinsu ba a kiransa da komai sai Mai Salansa. Gwani ne, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Amma zuwa gida sai dai a ce Allah ya kyauta. Kullum aiki ya yi yawa, kullum gobe. Ya kan bugo waya ya ce a gaida Inna, Inna kuma ta wuni tana washe baki kamar an ba ta kyautar gida. Da tsohuwar salansar motar, wato bututun hayaƙinta, ta ci tsatsa ta faɗi a titi, shi ya aiko aka ɗauki motar, ya dawo da ita da wata sabuwa dal, ƙatuwa, mai sheƙi, irin wadda samari ke sa wa motocin gayu. Ba ta wannan motar ba ce, shi ya yanka ya lanƙwasa ya cusa ta. Ya ce irinta ba ta tsatsa har abada.

Tun daga ranar motar ta kama rawar ɗari. In an yi nisa sai a ji wani abu yana bugun ƙasa, sannan kujerar baya ta ɗauki karkarwa, har murfin kwalbar maganin Inna ya riƙa kaɗawa a jaka. Auta ta mayar masa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ya kan hau da motar kan rami, ya shiga ƙarƙashi, ya girgiza bututun da hannu, ya fito ya zaga layin garejin da ita, ya miƙo mata makulli.

"Lafiyarta ƙalau. Kunnenki ne, ƙarar keken ɗinki ta cika shi."

Mai facin taya da ke maƙwabtaka da shi ya yi dariya, ita kuma ta shanye ta tafi. Da ta kai ƙara wurin Inna, cewa tsohuwar ta yi, "Ke dai ba a iya miki. Ɗan uwanki ya yi miki gyara, ki gode masa mana. Ni ban ji komai ba."

Yanzu ga sakamakon. Garin neman gira an rasa ido.

Kwanaki ta yi a gefen gadon ba ta kira shi ba. Inna ce ta hana. "Kada ki ɗaga masa hankali, yana da aiki." Auta ta bi maganarta, amma ba don haƙuri ba. Tana goge wa Inna baya tana tafasa, tana ba ta magani tana tafasa. Kowace safiya nas ta buɗe ciwon, ta ja tsaki a hankali, ta rufe. Ranar da Auta ta ga baƙin ya wuce inda aka zana masa iyaka da biro, ta ce wa Inna za ta je gida ɗauko kaya, ta ɗauki makulli.

Ta same shi a bakin garejin, tabaran walda a goshi, yana shan shayi da mai faci.

"Auta, ba dai salansar nan ba ce kuma?" Ya juya wurin mai faci. "Wallahi yarinyar nan da ita ce ta haife ni, da ban yi tsawon rai ba."

"An kwantar da Inna."

Ya ajiye kofin. "Yaushe? Me ya same ta? Kuma ba wanda ya gaya min?"

"Shiga mu je."

Ya zagaya zai buɗe ƙofar gaba, ya ji ta a kulle.

"Baya," in ji ta. "Ɓangaren hagu, inda take zama. Ka cire takalminka."

"Ke, kanki ɗaya kuwa? Ni kike ba umarni a gaban mutane?"

"Yaya, wallahi ko ka cire takalmin nan ka shiga, ko in tafi in bar ka, ka bi asibitocin garin nan ɗaya bayan ɗaya kana tambayar inda uwarka take, tunda ko sunan wanda take zuwa ba ka sani ba."

Mai faci ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Mai Salansa ya dube ta, ya ga idonta ba na wasa ba ne. Ya tuɓe takalman ya jefa ciki, ya shiga yana huci. Mutum ne mai jiki kamar Inna, da ya zauna sai da motar ta nutsa. A but ɗin motar kuma ga keken guragun Inna da jakar kaya, kamar kullum.

Da farko ba ƙara. Sun bar layin garejin, sun hau babban titi, injin na tafiya sumul.

"To ina ƙarar?" in ji shi. "Kin ɗauko ni daga kan aikina kamar ɓarawon akuya. Gaya min abin da ya samu Inna."

Ta ci gaba da tuƙi. Ta wuce kasuwa, ta wuce gada, ta kama doguwar hanyar da ke hawa tudu. A ramin farko aka ji gaf daga ƙasa. A na biyu ma haka. Daga nan bugun ya daina tsayawa, ya zama wata doguwar karkarwa da ke tasowa daga ƙasan mota ta bi kujera ta shiga ƙashi. Ta kalle shi ta madubi. Ya karkata kai gefe, bakinsa a buɗe. Kunnen mai sana'a ne, ya riga ya san ƙarfe ne ke cin ƙarfe.

"Ai ba ta yi min haka a gareji."

"A gareji wa kake ɗauka? Iska?"

Suka faɗa cunkoson da ke gaban tashar mota, wanda ba ranar da ba sa faɗa masa. Rana ta take, mota na tsaye, inji na aiki. Can ta ga ya muskuta. Ya ɗaga ƙafar hagu ya ɗora kan ta dama.

"Sauke," in ji ta.

"Akwai zafi a nan."

"Na ce ka sauke."

Ya sauke don taurin kai, ko don bai gane ba tukuna. Bai daɗe ba ya fizge ta da sauri, ya kama tafin da hannu.

"Ke! Wurin nan wuta ne!"

"Ita ba ta ɗagawa, Yaya."

"Wa?"

"Inna. Nan take ajiye ƙafarta tun daga gida har asibiti, da komawa. Ba ta ɗagawa."

"To me ya sa ba ta yi magana ba? Mutum ya zauna a kan wannan ya yi shiru?"

Auta ta juyo gaba ɗaya, ta manta da motocin da ke mata oda a baya.

"Ba ta ji! Ƙafafunta sun mutu tun bara waccan, kowa a layinmu ya sani, har mai kawo mana ruwa ya sani, kai kaɗai ne ba ka sani ba! Ina za ka sani? Ka taɓa cire mata takalmi? Ka taɓa ɗaga ta daga gado? Na zo na ce maka motar nan ba lafiya, ka mai da ni abin dariya a gaban abokinka. Ka gasa wa uwarka ƙafa kamar nama, yanzu likita na maganar yanke ta!"

Ta so ya yi musu. Wallahi ta so, don ta samu inda za ta sauke sauran. Amma ya zauna riƙe da tafin ƙafarsa, yana kallon ƙonannen kafet ɗin.

Da suka iso ƙofar asibitin sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Juya mu koma gareji."

"Uwarka na bayan katangar nan, kai kuma ƙarfe ne a ranka?"

"Da wane ido zan kalle ta, abin nan na ƙarƙashin motar? Juya, Auta. Don Allah."

Ta ji kamar ta buɗe ƙofa ta tunkuɗa shi waje. Amma ko da ƙafa ko babu, a motar nan za a mai da Inna gida. Kuma tana so ta ga ɓarnar da idonta. Ta juya.

Wannan karon da ya hau da motar kan rami, bai shiga shi kaɗai ba. Auta ta tattare zaninta ta bi shi ƙasa, cikin warin baƙin mai. Ya ɗaga murya ya kira mai faci ya ce ya shiga baya ya zauna.

"Ni? Me na yi?"

"Ƙibarka nake so, ba bakinka ba. Zauna."

Mai faci ya zauna, motar ta sauko a kansu. Mai Salansa ya haska fitila, kuma gani ya kori ji. Bututun ya bi ta saman ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya. In mota ba kowa, akwai ɗan fili tsakaninsu. Da nauyi ya hau, sai ƙarfen ya tokare bututun ya manna shi da ƙasan motar. Inda suke gogayya ya yi fari fat, saman bututun ya lotse, fentin ƙasan motar ya ƙone ya yi toka.

"Ga shi nan," in ji shi. "In ya yi zafi kuma ƙara tsawo yake yi, ya ƙara mannewa. Shi ya sa sai an yi nisa."

"Wannan fa?" Ta nuna wani guntun ƙarfe da aka yi wa walda tsakanin bututun da jikin motar.

"Roba ya kamata a rataye shi da ita, ta riƙa shanye girgizar. Roba tana tsinkewa. Na ce bari in kama shi da ƙarfe, kada ya riƙa dawo da ke."

"Kada in riƙa dawowa," in ji ta. "Na ji."

Ya nuna wasu ramukan noti guda huɗu da ba komai a jikinsu. A nan farantin da ke tare zafi yake, tsakanin bututu da ƙasan mota. Sabon bututun ya fi tsohon kauri, farantin ya hana shi shiga, sai ya kwance shi. Ya fita daga ramin, ya je bayan garejin inda ake jibge tarkace, ya yi ta tono har ya zaro shi. Wani ɗan falle ne mara nauyi, a lanƙwashe, ko mai gwangwan da ke sayen tarkacen ƙarfe ba zai waiwaye shi ba. Auta ta kalle shi, ta ji hawayen takaici na neman zubo mata, ta hana su.

Ya kama aiki. Ya yanke guntun ƙarfen. Ya sauke ƙatuwar salansar mai sheƙi ya wurgar da ita gefe, ta yi ƙara a kan siminti. Ya ɗauko bututu siriri daidai da motar, ya lanƙwasa shi ya gwada, ya sauke, ya ƙara lanƙwasawa. Ya buge farantin ya miƙe, ya mayar da shi mazauninsa. Ya rataye komai da sababbin robobi, amma bai ɗaure notin ba. Ya ce wa mai faci ya yi tsalle a kujera, ya zura yatsu biyu tsakanin bututun da ƙarfen, ya bi ko'ina da su, sama da gefe. Ya ta da injin ya bar shi har bututun ya yi zafin da ba ya taɓuwa, ya sake aunawa. Sai da ya gamsu sannan ya ɗaure notin, da nauyin a kai.

Auta na tsaye tana kallo, kuma ƙwarewar tasa ce ta fi ƙona mata rai.

"Ashe ka san duk wannan."

"Na sani."

"Haka kake yi wa motocin mutane?"

"Haka."

"To ta uwarka fa?"

Ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa. "Ranar motoci sun yi layi. Na ɗaga ta sama na ɗaure, tayoyi na lilo. Na ce ta gida ce, in akwai matsala za a faɗa min."

"An faɗa maka."

"An faɗa min."

Shi ya zauna a baya da suka koma, ba takalmi, ba wanda ya ce ya cire. Mota ta hau tudu, ta faɗa ramuka, ta tsaya a cunkoso, ba bugu, ba karkarwa, ƙasa sanyi ƙalau. Auta ba ta ji daɗin komai ba. Gyaran da bai ci masa wuni ɗaya ba.

Likita ya tare su a baranda. Ya ce ya duba da rana, baƙin ya kai idon sawu, jira ya ƙare. Gobe da safe za a yanke daga ƙasan gwiwa. An riga an gaya wa tsohuwar.

Inna na jingine da matashi da suka shiga. Da ta ga ɗanta sai fuskarta ta washe, kamar ba ita za a shiga da ita tiyata ba.

"Kai ne? Wa ya ɗago min kai daga aiki? Auta, ban hana ki ba?"

Ya durƙusa a gefen gadon. "Inna, motar nan ce. Salansar da na..."

"Ruwan zafi ne," in ji Inna da sauri. "Na gaya wa likita. Ni na zuba wa kaina."

"Wane ruwan zafi?" Muryar Auta ta tashi har matar gadon kusa ta waiwayo. "Yaushe rabon da ki ɗaga buta da hannunki? Ko so kike a ce ni ce na ƙona ki? Inna, yau ma? Ƙafarki za a cire, yau ma sai kin rufa masa?"

"Rage murya, asibiti ne."

"Ba zan rage ba! Na ce miki motar na girgiza, kika ce ba ki ji komai ba!"

Inna ta murza bakin mayafinta. Da ta yi magana, ba ɗayansu ta kalla ba.

"Na ji. Ƙafa ce ta mutu, ba bayana ba. Har haƙorana kaɗawa suke. Ƙaurin ma na sha jin shi, ban dai san ni ce ke ƙonewa ba."

"To don me kika yi shiru?"

"Abu ɗaya ya yi min a shekarun nan, Auta. Guda ɗaya. In aika masa cewa bai yi kyau ba?"

Mai Salansa ya kifa goshinsa a kan ƙarfen gadon, kafaɗunsa na rawa. Inna ta ɗora hannu a kansa tana shafawa, tana cewa ya isa, ya isa, ƙaddara ce. Auta ta tsaya a kansu. Ta zo da wuta cike da ciki, ta rasa wanda za ta watsa wa. Tsohuwar ta ba ta haushi, ta kuma ba ta tausayi, har ta kasa raba su.

Ta ɗauki roba ta fita. Ta taro ruwa a famfo, ta sirka da na flas, ta dawo. Lokacin wanke ƙafa ya yi, kuma ta dama tana nan, ita ce za ta ɗauki Inna daga gobe. Ta tsuguna kamar kullum, har ta naɗe hannun riga. Sai ta fasa. Ta tura robar da ƙafa zuwa gabansa, ta jefa masa tawul a kafaɗa.

"Tashi. Wanke mata ɗayar. Ka bi tsakanin yatsun, ka tsane su sosai."

Ya ɗago da jajayen idanu, ya kama ƙafar da hannayensa masu baƙin mai, a tsorace, zai tsoma ta.

"Tsaya," in ji Auta. "Ka fara taɓa ruwan da kanka. Ita ba za ta gaya maka ba."